Tun Da Kyaftin Ya Fara Durƙusa Wa Baba

Ku yi haƙuri da ni yau, raina a ɓace yake kuma ba zan ɓoye muku ba. Kun cika min waya da saƙo, wannan ta ce "Auta ina labarin Kyaftin?", waccan ta ce "Auta yaushe za mu sha biki?" To ku gyara zama ku ji irin bikin da ake shirya min.

Ga wadda yau ta fara karanta ni: ni ce autar gidanmu. Babana shi ne kocin ƙungiyar ƙwallon garinmu, kowa Koci yake ce masa, har Mama idan ta so tsokana. Wanda nake so kuma shi ne kyaftin ɗin ƙungiyar, ɗan wasan baya ne, dogo, baƙi, mai murya kamar an buga ganga. Manyansa sun zo wajen Baba, an ba su ni, aka ce sai an gama lig a sa rana. Lokacin muna saman teburi da tazara mai kauri, har Yayana ya fara tambayar tela kuɗin ɗinkin rigar murnar kofi.

Sai kun san halin Baba kafin ku gane abin da ya faru. Baba ya san ƙwallo, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. Amma wuta ne. Idan ya hau, ba ya jin kira, kuma shi kansa ya san haka. Shi ya sa tun shekarun baya ya kafa wa ƙungiyar wata ƙa'ida. Washegarin kowane wasa 'yan wasa za su kulle kansu a ɗakin canza kaya, ba koci ba mataimaki, kowa ya amayar da abin da ke cikinsa. Daga nan kyaftin ya kwaso maganar gaba ɗaya ya kawo wa Baba har gida, ba tare da ya kama sunan kowa ba. Baba yana cewa ɗan wasa ba ya gaya wa koci gaskiya, abokinsa yake gaya wa, don haka dole a samu mutum ɗaya da zai tsaya a tsakiya wanda ba ya tsoron kowa.

A nan na fara ganin Kyaftin. Ina tsakar gida ina shanya, sai na ji wata murya daga falo ta ce, "Koci, ba haka ba ne. Kai ka yi kuskure jiya, ba yaran ba."

Sai da zanin da ke hannuna ya faɗi ƙasa. A gidanmu? A ce wa Baba ba haka ba ne? Yayana da gemunsa har yau idan Baba ya yi gyaran murya sai ya nemi hanyar fita. Na leƙa ta taga na ga wani a tsaye, takalminsa a ƙafa, hannu a aljihu, suna ta musu da Baba kamar za su cinye juna. Da suka gama, Baba ya rako shi har ƙofar gida yana dariya. Ranar na ce a raina, wannan ne. Ban taɓa gaya wa kowa ba sai ku.

To tun ranar da aka ba shi ni, mutumin nan ya mutu a tsaye.

Yanzu tun daga bakin ƙofa yake cire takalmi. Ya shigo falo a sunkuye, ya ƙi kujera, ya durƙusa a gefen kafet kansa a ƙasa. Koci ya ɓace daga bakinsa, sai "Baba". "To Baba." "Haka ne Baba." "Allah ya ƙara girma Baba." Farko har daɗi abin ya yi min, ina leƙe ina murmushi ina cewa ji ladabi. Ashe ladabin nan ne zai ci mu.

Canjaras muka fara yi, aka ce tuntuɓe ne. Muka sake wani. Sai aka ci mu a waje, aka zo aka ci mu a gida a gaban magoya bayanmu. Masu jar riga da muke hangowa can ƙasa suka taso, yanzu maki ɗaya ne tsakaninmu da su, wasa biyu ya rage, kuma na Asabar ɗin nan da su ne.

Washegarin cin da aka yi mana a gida, gidanmu ya koma kamar gidan makoki. Baba yana falo tun safe da singileti, yana maimaita bidiyon ƙwallon da aka zura mana, ya tsayar, ya mayar baya, ya ja tsaki. Shayin da na kai masa har ya yi sanyi bai taɓa ba. Mama tana ɗaki tana guga, ni ina ninkewa, sai ga Yaya ya faɗo da waya a hannu.

"Kin ga abin da ake rubutawa?"

"Ban gani ba, ba na son gani."

Ya karanto duk da haka. "'Koci ya mayar da ƙungiya gidan surukai.' Ga wani: 'Tun da Kyaftin ya zama ango ƙafarsa ta yi nauyi.' Ga wata ma har da hotonki."

"Hotona? A ina suka samu?"

"Oho. Ke dai kin ja mana."

"Ni na ja muku? Ni nake tsaron raga ko ni nake buga baya?"

Mama ta ɗora dutsen guga a tsaye ta ce, "Kai fita min daga ɗaki. Ke kuma rage murya, babanki yana ji."

Yaya bai gama fita ba Gwaggo ta yi sallama. Yayar Baba ce, kuma ba ta zuwa gidanmu sai da magana a bakinta. Ta zauna a bakin gado, ta zame mayafinta zuwa kafaɗa, ta ƙare min kallo daga ɗankwali har farce.

"Ke ce kike ta ƙiba ana zagin ubanki a gari."

Na dubi jikina. Doguwar rigar gida ce a jikina, ruwan toka, wadda ta sha wanki, amma a idon Gwaggo ƙiba nake yi.

"Ni dai na faɗa tun farko," ta ce da Mama. "Ba a haɗa neman aure da aiki. Shugaban ƙungiya ya gaya wa mijin 'yata da bakinsa, idan kofin nan ya kuɓuce to Koci ya nemi wani aikin. Shekara nawa yana wahala? Sai yanzu da abu ya zo hannu yarinya ta shiga tsakani. A hana yaron nan zuwa zance, a karɓe wayarta, ya mayar da hankalinsa fili."

"Gwaggo, sau ɗaya fa yake zuwa a mako."

"Ji min fitsara. Ina magana kina magana?"

Na haɗiye. Mutum goma sha ɗaya a fili, ga na benci, ga koci, ga mataimaki, ga shugaba mai ƙaton ciki, duk an tsallake su an zo kan wadda ko filin ba ta zuwa sai da izini.

Muna cikin haka na ji tsayuwar mashin ɗinsa. Ranar kawo rahoto ce. Na ajiye ninkin na zagaya bayan tagar falo, inda na saba tsayawa. A raina ina cewa yau dai dole ya yi magana, an ci mu a gida, ai ko dutse ne ya motsa.

Ya shigo, farin yadi a jikinsa har da hula, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya durƙusa.

"Me yaran suka ce?" in ji Baba, ko kallonsa bai yi ba.

"Lafiya lau Baba. Sun ce za su ƙara ƙoƙari."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan Baba."

"To ka gaya musu daga gobe atisaye safe da yamma ne. Babu hutu sai an gama lig. Gola kuma ya koma benci, na gaji da hannunsa na rariya. Yaron nan sabo zai tsaya ranar Asabar. Ka ji?"

Na ga kafaɗarsa ta motsa. Na ga ya buɗe baki. Na riƙe ƙarfen taga ina cewa faɗa, faɗa mana.

"To Baba. Allah ya ƙara girma."

Na saki tagar na koma ɗaki na kifa kaina a filo. Gola fa! Mutumin da ya riƙe ragar nan tun ina makarantar sakandare, wanda ya kaɗe mana fenareti biyu a zagayen farko. Shi za a ajiye a wasan da ya fi kowanne, a sa yaron da bai taɓa tsayawa gaban cikakken fili ba, kuma kyaftin ɗin ƙungiya ya ce Allah ya ƙara girma.

Da rana saƙon murya ya shigo daga matar Gola. Ƙawata ce, tare muka yi makaranta. Na sa abin ji a kunne na danna.

"Auta, ni ba zan yi miki ƙarya ba. Maigidan nan ya dawo ko abinci bai ci ba. Kin san me suka faɗa a taronsu na yau? Sun ce ƙafafunsu sun mutu. Ɗan gabanmu da allura yake buga wasa, cinyarsa ta kumbura, yana tsoron faɗa kada a ce ya gudu. Sun ce Koci ya daina ce musu ku je ku buga, kullum sai kada ku yi kuskure, kada ku yi kuskure, har mutum ya ga ƙwallo ta nufo shi gabansa ya faɗi. Duk sun gaya wa Kyaftin, suka ce ya kai. Ya fito daga gidanku ya ce musu atisaye ya zama biyu."

Saƙo na biyu ya biyo baya.

"Kuma sun buɗe sabon guruf a waya babu shi. Sunan da suke kiransa ma ba zan faɗa miki ba. To bari in faɗa, Ɗan Baba suke ce masa. Sun ce ya sayar da su ya sayi mata. Ki yi haƙuri, amma gara ki ji daga bakina."

Na cire abin jin na zauna. Sai wasan jiya ya dawo min, wanda na kalla a waya. Da aka zura mana ta biyu, babu wanda ya je ya ɗauko ƙwallon daga raga. Kowa ya tsaya inda yake, hannu a ƙugu, yana kallon ɗan'uwansa. A da idan aka ci mu, Kyaftin ne yake fara tafa hannu yana ihu, su taru a tsakiya su dafa kafaɗar juna, kafin a ɗora ƙwallo sun dawo mutane. Jiya ya tafa hannun, ya yi ihun, ko mutum ɗaya bai waiwaye shi ba.

Na rubuta masa: "Ka zo yanzu. Ƙofar gida."

"Ranki ya daɗe ina hutawa ne, gobe akwai atisaye biyu."

"Na sani. Ina bayan taga ka karɓo shi."

Ya karanta, alamar ta yi shuɗi. Ya fara rubutu ya goge, ya fara ya goge. Can ya turo: "Ga ni nan."

Na sa baƙar abaya, na yafa mayafi, ko hoda ban shafa ba. Na same shi jingine da mashin a inuwar katangarmu. Ya yi min murmushin nan nasa da ya saba kashe min jiki. Yau ko gezau.

"Me yaran suka ce?" na tambaye shi.

"Haba Auta, ko gaisawa..."

"Me suka ce a taro?"

Ya kawar da kai. "Maganar fili ce, ba taki ba ce."

"Ba tawa ba ce? Hotona yana yawo a waya, Gwaggo ta ce a karɓe min waya, Yaya ya ce ni na ja, kai kuma ka ce ba tawa ba ce? Sun ce sun gaji. Sun ce ɗan gaba da allura yake wasa. Ka shiga ka ce wa Baba lafiya lau."

"Wa ya gaya miki?"

"Ƙarya ne?"

Ya shiga murza makullin mashin.

"Ka san Gola bai cancanci benci ba."

"Na sani."

"Ka san atisaye biyu zai ƙarasa su."

"Na sani, Auta, na sani!" Ya ɗaga murya, sai kuma ya waiga ƙofar gidanmu ya sauke ta. Wannan waigen ya fi komai ƙona min rai. "Kina so in yi yaya? In tsaya a kan mahaifinki in ce masa ya yi kuskure? Da can kocina ne kawai, in ya ji haushi ya ajiye ni a benci, mako biyu ya huce. Yanzu fa? Kawuna ya ja min kunne, ya ce daga ranar da aka ba ka 'yar mutum ba ka da baki a gabansa. In na ɗaga masa murya ya ce ya fasa ba ni ke, in yi yaya?"

"Sai ya fasa."

Ya kalle ni kamar na mare shi.

"Eh, sai ya fasa. Kai kana ganin don iya durƙuso na ce ina sonka? Masu durƙusa wa Baba sun cika garin nan, da su nake so da tuni na zaɓa. Ni mutumin da na gani ta taga shi na ce ina so, wanda ya ce Koci ba haka ba ne. Ina ka kai shi? Abokanka suna kiranka Ɗan Baba, sun buɗe guruf babu kai, babana zai rasa aikinsa, kai kana nan kana Allah ya ƙara girma."

"Sun buɗe guruf?"

Ashe bai sani ba. Na ga fuskarsa ta sauya, idonsa ya kaɗa. Da wata rana ce da na tausaya masa, amma bakina ya riga ya ɓalle.

"In ba za ka iya gaya wa babana gaskiya ba, ni ma wata rana ba za ka gaya min ba. Ka je ka yi tunani."

Na juya na shige gida na bar shi a tsaye. Ina jin mashin ɗin bai tashi ba sai can da daɗewa.

Ranar bai kira ba. Washegari ma shiru. Na duba waya har na gaji, yana kan layi amma ko sallama. Baba yana fita da sassafe ya dawo da rana fuska a murtuke, ya sake fita da yamma ya dawo ya fi da. Na ji yana gaya wa Mama yara biyu sun kwanta, ɗan tsakiya kuma ya yi faɗa da ɗan gaba a fili har sai da aka raba su. Mama ta ce, "Koci, ko za ka sassauta musu?" Ya ce, "Ke me kika sani a ƙwallo?" Ta ja bakinta ta rufe.

Ranar Laraba bayan atisayen safe, ina kicin ina wanke kofuna, na ji mashin. Ba ranar rahoto ba ce, ba ranar zance ba ce. Na goge hannu a zani na zagaya bayan taga.

Da kayan atisaye ya shigo, riga jiƙe da gumi, ciyawa manne a safarsa. Takalminsa a ƙafa. Bai durƙusa ba.

Baba yana kan doguwar kujera da allon tsara wasa a cinya. Ya ɗago ya dube shi daga sama har ƙasa, idonsa ya tsaya a kan takalmin.

"Lafiya?"

"Baba, magana biyu na zo da ita. Ta farko a matsayin ɗanka zan yi ta." Bai sunkuyar da kai ba. "Na janye neman auren Auta. Na gaya wa Kawu jiya, zai zo ya same ka da kansa. Ba ta yi min komai ba, gidan nan bai yi min komai ba. Amma muddin ina neman 'yarka ba zan iya buɗe baki a gabanka ba, na gwada na kasa. Mutum ashirin da wani abu suna kallona. Don haka na ajiye."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Kunnena ya yi dum. Na ce a raina ban ji daidai ba, zai gyara, zai ce wasa yake.

"Ta biyu kuma," ya ce, sai na ji tsohuwar muryar nan ta dawo, wadda ta sa zani ya faɗi daga hannuna. "Koci, kai kake kashe ƙungiyar nan."

Na jira in ji Baba ya daka masa tsawa, ya ce fita min daga gida, ka wulaƙanta min 'ya sannan ka zage ni. Wallahi na jira. Ko da kalma ɗaya ce a kaina.

Baba ya ce, "Zauna."

"A tsaye zan yi. Koci, lokacin da muke bin wasu a baya, kai kake ce mana ku je ku ji daɗin wasanku, in an ci ku laifina ne. Muka yi ta ci. Tun da muka hau saman teburi ka daina kallonmu, teburin kake kallo. Tsoro ya kama ka, ka zuba mana shi. Yanzu kowa so yake ƙwallo ta bar ƙafarsa kafin a ce shi ne. Ɗan baya ba ya hawa, ɗan tsakiya baya yake mayarwa, ɗan gaba shi kaɗai a can kamar maraya, cinyarsa a kumbure, da allura yake buga maka wasa."

"Ni nake tsoro? Ni?"

"Kai. Masu jar riga ba su fi mu ƙafa ba, ka sani na sani. Kocinsu ya ba su hutu jiya, an gan su suna wasan ruwa suna dariya. Mu kuma muna zagaye fili da rana tsaka kamar masu laifi. Ka cire Gola don kuskure ɗaya, yanzu kowa ya san kuskure ɗaya ne tsakaninsa da benci. Wa zai yi maka kasada?"

"Gola ya saki ƙwallon da jariri zai kama!"

"Ni na bar ɗan wasan ya wuce ni kafin ta kai gare shi. Me ya sa ba ka cire ni ba? Yaran sun ce don ni surukinka ne. Ka san haka suke cewa?"

Na miƙe na leƙa. Baba ya ajiye allon a gefe, ya dafe goshi, ya daɗe a haka. Can ya ce, "Cinyar yaron nan, da gaske allura yake yi?"

"Wasa uku ke nan."

"Kuma ba wanda ya gaya min."

"Ni ya kamata in gaya maka. Ina durƙushe."

Daga nan suka ɓalle. Baba ya jawo allon, Kyaftin ya jawo kujera da kansa ya zauna, gwiwarsu har tana gogar juna. Wannan ya ce a mayar da Gola, wancan ya ce to amma a sauya 'yan baya. Baba ya buga tebur, Kyaftin ya buga. Aka soke atisayen yamma. Aka ce gobe hutu, jibi a taru a yi wasan raha kawai, Baba zai tsaya gaban yaran ya ce shi ya yi kuskure. Ina tsaye ƙafata har ta yi sanyi. Sunana bai sake fitowa daga bakin ko ɗaya daga cikinsu ba.

Sai na ji abin da rabona da ji tun kafin canjaras na farko. Baba yana dariya.

Ya rako shi har ƙofar gida, hannunsa a kafaɗarsa. Suka wuce ta gaban kicin, ina tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu. Kyaftin ya gan ni. Ya ɗan rage tafiya, Baba ya ja shi da maganar bugun kusurwa, ya bi.

Baba ya dawo yana shafa ciki. "Ina abincina? Yau yunwa nake ji."

Mama tana tsaye a ƙofar ɗakinta, ta ji komai ita ma. Ta ce, "Koci, 'yarka fa?"

"Me ya same ta?"

"Yaron nan a gabanka ya ce ya fasa aurenta."

Baba ya ɗan tsaya, kamar wanda aka tuna masa ya bar makulli a mota. "Au. To ai wannan... a bari a gama lig tukuna. Yaron nan namiji ne, kin ji abin da ya gaya min kuwa? Shi na rasa tun kwanaki."

Na saki kofin a cikin roba na shige ɗaki na murza makulli. Ban yi kuka ba, haushi ya hana ni. Ni na ce ya yi magana, eh, ni na ce. Amma na ce ya ajiye ni a bakin ƙofa kamar takalmi sannan ya shiga? Ya gaya wa kawunsa, ya gaya wa babana, ni da aka yi abin a kaina sai ta taga na ji. Babana kuma aka mayar masa da 'yarsa a falonsa, ya ce zauna.

Gwaggo ta kira Mama kafin la'asar, ina jin muryarta ta waya tana cewa alhamdulillahi, yanzu yaro zai buga ƙwallo. Yaya ya turo min hoton sabon guruf, an mayar da Kyaftin ciki, har an sa hotonsa a fuskar guruf ɗin. Matar Gola ta turo min alamar zuciya da "mun gode Auta", ba ta san da me aka biya ba.

Shi kuma sai da yamma ya rubuto. Layi ɗaya.

"Kin ce in yi magana. Na yi."

Na kalli saƙon har allon ya mutu. Na kunna na sake kallo. Ban ba shi amsa ba, har yanzu da nake rubuta muku ban ba shi ba.

Ku gaya min yadda zan yi da ranar Asabar. Idan suka ci masu jar riga, garin nan kaf zai ce ga shi nan, da ma ita ce matsalar, ana cire ta aka dawo daidai, kuma babu mai sake barin Kyaftin ya durƙusa a falonmu, shi kansa Baba ba zai so ba. Idan aka ci su, Baba ya rasa aikinsa, ni na rasa mutumin a banza.

Ɗazu na idar da sallah na ɗaga hannu zan yi wa Baba addu'ar da nake yi masa kafin kowane wasa tun ina ƙarama. Na buɗe baki, sai na ji abin da ke shirin fitowa ba ita ba ce. Na yi maza na rufe bakina da tafin hannu, na zauna a kan sallayar. Ni 'yar Koci, saura kaɗan in roƙi Allah a ci su.